Yadda Ake Koyon Shiru a Tsakiyar Hayaniyar Yamai

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan gadar Kennedy a watan Agusta ya leƙa ƙasa, ya san yadda kogin Isa yake komawa ja jawur. Ruwan Sirba da Dargol da Gorouol ne yake kwaso laka ya zuba masa. Ɗebo bokiti guda ka ajiye a inuwa, ka hana yara taɓawa. Gobe da safe ka leƙa, za ka tarar laka ta kwanta a gindi, sama ya washe. Ba ka tace shi ba, ba ka zuba masa magani ba, motsa shi kawai aka daina. Zuciya ma haka take, sai dai ita ba yara ke motsa ta ba, mu ne da hannunmu.

Ni Ba'adare ne, daga Tawa neman abinci ya kawo ni Yamai, na zauna gidan haya a Bukoki. Akwai shekarar da kasuwa ta juya mini baya, bashi ya hau kaina, barci ya ƙaurace wa idona. Wata rana na sallame la'asar na zauna ina tambayar kaina: uku na yi ko huɗu? Wace sura ma na karanta? Har ƙabli da ba'adi suka zame mini kamar wani sashe na kowace salla. Jikina yana sahu, hankalina yana wurin mai bina kuɗi. Daga nan na fara neman yadda ake dawo da hankali gida, kuma abin da na gwada na ga amfaninsa shi zan shimfiɗa a nan. Da "ka" zan yi magana don sauƙi, amma ƴar'uwa, har da ke nake.

Me ake nufi da abin

Malamanmu suna cewa halartar zuciya, wato zuciyarka ta kasance a inda jikinka yake. Likitocin Amurka sun zo ga wannan magana ta wata ƙofa. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar likitanci ta jami'ar Massachusetts, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi jin magani yadda za su tsai da hankalinsu kan numfashi da jiki, cikin horo na mako 8. Bai ɓoye ba cewa daga mabiya addinin Buda ya ɗauko dabarar, ya cire mata ibadarsu ya bar horon hankali zalla. Na faɗi wannan don kada wani ya ce an rufe shi. A ganina abin da zan bayyana motsa jiki ne na hankali, kamar yadda tafiya take motsa jini. Ba ibada ba ce, kada ka ƙara shi cikin salla, kada ka ƙirƙira masa lada. Wanda ya ji shakka, ga malamin unguwarsu nan. Kuma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Annabi (SAW) ya riƙa keɓewa a kogon Hira, i'itikafi yana nan a goman ƙarshe na azumi, aya ta 28 a Suratur Ra'adi kuma ta gaya mana da me zukata suke natsuwa.

A 2010 wasu masana biyu na jami'ar Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta wayar salula, suna tambayarsu a lokuta daban-daban: me kake yi yanzu, me kake tunani, yaya kake ji? Suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a lokacin da hankalin ya tafi yawo sun fi rashin jin daɗi. Rabin rayuwa ke nan, mutum yana nan amma ba ya nan.

Da farko, kafa turke: lokaci ɗaya, wuri ɗaya

Kada ka ce "in na samu sarari". Ba za ka samu ba. Rataya abin a jikin wani abu da ka riga ka saba yi kullum. Mafi dacewa a Yamai shi ne bayan sallar asuba, kafin kabu-kabu da faba-faba su cika hanya, kafin zafi ya taso. A watan Afrilu, lokacin da rana take wuce digiri 40, wannan ne kaɗai lokacin da jiki yake yarda ya zauna ba gardama. Ga shi kuma ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) yakan zauna a inda ya yi asuba har rana ta fito. Gama azkar ɗinka tukuna, sannan ka ƙara wannan zama.

Uwar gida wadda asubarta ta hura wuta ce da shirya yara, ta ɗauki hantsi bayan sun tafi lakwal. Mai gadi ko mai aikin dare ya ɗauki tsakanin magariba da lisha.

Makon farko minti 5 ya isa. Mako na biyu ka kai 10. Masu horon mako 8 ɗin can minti 45 ake ba su a kullum, amma mai farawa shi kaɗai in ya ɗauko 45, ranar Laraba zai ajiye. Wayarka kuwa ka rufe mata intanet, ka saita ƙararrawa, ka kife ta nesa da hannunka.

Zama

Tabarma ko kujera, duk ɗaya. Baya a miƙe ba tare da ƙagewa ba, kafaɗu a sake, hannuwa kan cinya. Kada ka kwanta, barci zai sace ka. Ido ka lumshe, ko ka sauke shi ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Da damina ka zauna cikin gidan sauro, don babu natsuwar da za ta yi gardama da sauron bakin kogi.

Numfashi

Fara da numfashi biyar ko shida masu tsawo: ka ja ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka saki a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ta fi jan tsawo, kuma da dalili. Akwai wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki, aikinta taka wa bugun zuciya birki, kuma lokacin fitar da numfashi ne birkin yake kamawa sosai. Baligi a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. In ka bi ƙirgar huɗu da shida, ka sauko wajen 6. Wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya nuna a 2001 cewa masu jan carbin Katolika da masu maimaita kalmomin yoga numfashinsu yakan sauko kusan 6 a minti ba tare da sun yi niyya ba, bugun zuciyarsu kuma ya daidaita da shi. Ba a kan tasbihinmu aka yi binciken ba, amma wanda ya taɓa jan talatin da uku-uku a tsanake, ba irin jan da ake yi ana neman takalmi da ido ba, ya san abin da ake faɗa.

Bayan waɗannan, saki numfashin ya koma yadda ya ga dama. Aikinka yanzu lura ce kawai. Zaɓi wuri ɗaya da kake jin sa sosai, ko bakin hanci inda iska take shiga da sanyi ta fito da ɗumi, ko ciki da yake tashi yana sauka. Ƙirga kowace fitarwa: ɗaya, biyu, har goma, ka koma ɗaya. In ka ji jiri, kana tilasta wa numfashin ne, sassauta. Lokacin hunturu da ƙura ta toshe hanci, mai da lurarka kan ciki ka bar hancin.

Dawowa, wanda shi ne aikin gaba ɗaya

Ba za ka kai goma ba. Wataƙila a uku za ka tsinci kanka a kasuwar Wadata kana ciniki, ko a Tawa kana gardamar gado da wani kawunka, ko kana tsara amsar da ya kamata ka ba wanda ya yi maka baƙar magana shekaranjiya. A nan mafi yawan mutane suke cewa "ni ban iya ba, kaina ba ya yin shiru", su tashi. Sun ɗauka ana so tunani ya ƙare ne. Ba ya ƙarewa. Ƙwaƙwalwa tana tunani kamar yadda baki yake tara yawu.

Abin da ake horarwa shi ne wannan ɗan lokacin da ka farga ka ce "af, na tafi". Farkawar nan ita ce ribar. Duba yadda Bafulatani yake yi da saniyar da ta ratse: ba ya zama ya yi kuka, ba ya kashe ta da duka, yana dai kewayawa ya koro ta cikin garke, in ta sake ratsewa ya sake korowa. In hankalinka ya ratse sau talatin cikin minti goma ka dawo da shi sau talatin, ka yi horo sau talatin ke nan. Wanda bai farga ko sau ɗaya ba shi ne bai yi komai ba.

Ga dabarar da ta fi taimaka mini. In ka farga, ba wa tunanin suna da kalma ɗaya, a zuci, ba da faɗa ba: "bashi", "tsoro", "shiri", "haushi". Sannan ka koma ɗaya. Bayan kwana goma za ka gane wani abin dariya: baƙin naka ba su da yawa. Uku ne ko huɗu, su ne dai suke canza riga suna dawowa. Nawa a wancan lokaci bashi ne da kunyar komawa gida hannu rabbana. Da na san su da suna, sai suka rage girma, kamar kurar da aka haska wa fitila aka ga kare ne.

Kada ka zagi kanka in ka ratse. Zagin ma wani tunani ne, ba shi sunansa ka wuce.

Kuma ka sani zaman yana da wuya ga kowa. A 2014 Timothy Wilson na jami'ar Virginia ya zaunar da mutane su kaɗai a ɗaki, minti 6 zuwa 15, ba waya ba littafi. A wani gwajin aka bar musu maɓallin da in sun danna lantarki zai ɗan ja su. Maza 12 cikin 18 suka danna, mata 6 cikin 24. Wato wasu sun gwammace zafi da zama da kansu. In ka ji ƙaiƙayin ɗaukar waya a minti na uku, ba kai kaɗai ba ne. Lura da ƙaiƙayin, ina yake a jiki, ka ga yadda yake tashi ya faɗi.

To, hayaniyar fa?

Mai zama kusa da Katako, inda maƙera suke dukan ƙarfe tun safe, zai ce wane shiru? Gidan haya mai ɗaki takwas, rediyon maƙwabci, injin markaɗe, janareto in wuta ta ɗauke. Ni ma na yi wannan ƙorafi. Amsar ita ce ka mai da ƙarar abin lura. Bar numfashi na minti biyu, buɗe kunne. Ji na nesa, ji na kusa. Kada ka bi labarin ƙarar, wato wane ne, me ya sa ba ya da tausayi. Ji ta kawai a matsayin sauti mai farko da ƙarshe, ka kuma lura da ɗan ratar da ke tsakanin wata ƙara da wata. Rabin azabar hayaniya gardamar da muke yi da ita ce a zuci.

Wannan ba ya nufin ƙara ba ta cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana danganta yawan ƙarar hanya da lalacewar barci da ciwon zuciya. In kana da hali, sau ɗaya a mako nemi wuri mai sauƙin ƙara: bakin kogi da sassafe, inuwar itatuwan gidan tarihi na Boubou Hama a ranar da ba cunkoso, ko masallacin unguwa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ba kowa sai mai shara.

Fito da shi daga tabarma

Minti goma na safe gwaji ne, filin kokawar yana cikin yini. Zaɓi abu biyu kawai da kake yi kullum, ka yi su da dukkan hankalinka.

Alwala ta fi komai sauƙi: sanyin ruwa a hannu, a fuska, a bayan kunne. Salla kuwa, wanda ya karanta Ahalari ya san natsuwa tana cikin farillanta, kuma ya san labarin mutumin da aka ce masa ya koma ya sake salla har sau uku saboda gaggawa. Bari gaɓoɓinka su tsaya cik a ruku'u da sujada kafin ka motsa. Shan ruwa, yi shi a zaune da numfashi uku kamar yadda sunna ta koyar. In kai ne mai dafa shayi a fada, wato majalisar hirar abokai, kofin farko ka sha shi ba magana: ɗacinsa, zafin kofin a yatsu, ƙamshin gawayi. In cunkoso ya tsare ka a kan gada za ka haye Harobanda, maimakon hon da tsaki, numfashi uku, ka saki kafaɗu. Gadar ba za ta buɗe don haushinka ba.

Shirun baki

Wannan ya fi na tabarma wuya, don mu mutanen hira ne, kuma hira ba laifi ba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa aibobin harshe har ashirin, daga shiga abin da ba ruwanka zuwa giba da annamimanci. Hadisin kuma kowa ya haddace shi: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Matsalar ba sani ba ce, baki ne yake riga hankali fita. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ga yadda za ka fara. Na ɗaya, kafin ka mai da amsar duk maganar da ta sosa maka rai, numfashi ɗaya cikakke. Ɗaya tak. Na biyu, saƙon murya na WhatsApp da ya tayar maka da hankali, kada ka amsa shi sai bayan salla mai zuwa. Sau da yawa za ka ga amsar ta canza, ko ma ba a bukatarta. Na uku, a fada ko wurin biki, gwada zama rabin awa kana saurare kawai, ba ka shirya abin da za ka ce in mai magana ya numfasa. Za ka ji abubuwa a muryar abokanka da ka shekara ba ka ji ba. In fushi ya taso kana tsaye, zauna, in bai tafi ba kishingiɗa, wannan ma koyarwar Annabi ce (SAW).

Sai ka ware awa ɗaya a mako ta shiru cikakke, ba waya, ba rediyo. Amma ka gaya wa mutanen gida tukuna, in ba haka ba uwargida za ta kwana tana tunanin laifin da ta yi, ko tsohuwa ta aiko a tambaya ko lafiya. In an yi maka sallama ka amsa.

A nan dole in ja kunne, don akwai shirun da ba natsuwa ba ne. Miji ya ɗaure fuska kwana biyar ba ya yi wa matarsa magana, ya ce yana neman kwanciyar hankali: wannan gaba ce, kuma an hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Wanda aka zalunta ya haɗiye yana ƙuna a ciki, shi ma ba shiru yake ba, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Har ma wani sahabi da ya yi bakancen tsayawa a rana ba zama ba magana yana azumi, Annabi (SAW) ya ce a gaya masa ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Shirun da muke nema shi ne wanda in ka fito daga cikinsa maganarka ta fi daɗi da gaskiya.

Kafin barci

Minti uku. Waiwayi yinin: ina na yi magana da gara na yi shiru, ina na yi shiru da gara na yi magana? Sannan ka tuno abu uku ƙanana da suka yi daɗi yau, irin ruwan randa da azahar ko dariyar autarka, ka yi hamdala a kansu ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta kwana nesa da shimfiɗa.

Abin da za ka samu, da wanda ba za ka samu ba

A 2014 wasu likitoci a jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum 3,515. Suka ga irin wannan horo yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo daidai gwargwado, amma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. Haka nake so ka ɗauke shi. Shiru ba ya biyan kuɗin haya, bai kuma biya mini bashina ba. Abin da ya yi mini shi ne na daina biyan bashin sau ɗari a kaina kafin in biya shi sau ɗaya a hannu, na samu barci, na iya zuwa na zauna da mai kuɗin muka tsara biya kaɗan-kaɗan. Farin cikin da ke ciki ba na ranar sallah ba ne, ya fi kama da sauƙin da kake ji in ka sauke buhu daga ka.

A mako na biyu ko na uku kana iya jin kamar tunanin ƙaruwa ya yi. Da ma yana nan, yanzu ne ka fara ganinsa. In ka tsallake kwana biyu, koma a na uku ba tare da ramuwa ba.

Amma akwai waɗanda rufe ido yake tayar musu da abin da ya fi ƙarfinsu, musamman wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar ƴan'uwanmu da suka baro garuruwansu a yankin Tillaberi ko arewacin Tawa. In zama ya kawo maka bugun zuciya, ko hotunan abin da ya faru, buɗe ido, taka ƙasa da tafin ƙafa, ambaci abu biyar da kake gani a ɗakin. Ka koma yin horon a tafe, kana lura da taku. Wanda kuma ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci, ko yake jin gara ya mutu, likita zai gani, a asibitin unguwa ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa. Wanda yake shan magani kada ya ajiye shi don ya fara wannan.

In ka yi wata biyu kana yi, ga gwaji mai ɗan tsawo da nake yi duk lokacin da zan je gida. Daga Yamai zuwa Tawa tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sannan a karkata arewa a Tsarnawa. Motar takan tashi tun da duhu. Nakan gaisa da maƙwabcin kujerata sosai, in tambayi iyali da gajiya, sannan in kashe waya in sa ta a jaka, in ɗauki niyyar ba magana har Doso, wajen kilomita 140. Ko an kunna fim a motar, na bar shi ya zama ƙara cikin ƙararraki. Ido a taga, hankali a numfashi, in ya ratse in koro shi. Wajen Kure, in da rabo, akan hango raƙuman dawa tsaye cikin itatuwa, mafi yawan fasinjoji kansu a sunkuye kan waya har a wuce. A Doso nakan sauko in miƙe ƙafa, in sayi ruwa leda biyu, in miƙa wa maƙwabcin nawa ɗaya, daga nan mu kama hira har Ƙonni.